Daga gulbi zuwa tumbin saniya: yadda ruwa, ƙasa da iska ke shiga lafiyar garke a Madarunfa

Ƴan'uwa makiyaya da membobin ƙungiyoyin kiwo, duk shekara idan rani ya yi nisa, koke-koken da ke zuwa wa ma'aikatan lafiyar bisashe a yankin Madarunfa kusan iri ɗaya ne. Saniya tana ci amma tana ramewa. Wata ta koma tauna ƙashi da tsumma. Tunkiya ta kumbura a ƙarƙashin haɓa. Karsana ta kai shekara huɗu ba ta ɗauki ciki ba. Mai dabba yakan nemi allura, kuma sau da yawa allurar tana taimakawa. Sai dai Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Yawancin waɗannan matsaloli sun faro ne tun watanni baya, a bakin tabki, a gonar da aka kwashe mata kara, ko a makiyayar da wuta ta cinye.

Masana ilimin ƙasa suna cewa duniya tana tafiya ne a kan musaya tsakanin abubuwa huɗu: ruwa, iska, ƙasa da masu rai, rana kuma ita ce ke ba su ƙarfin motsi. Babu ɗayansu da ke riƙe abin da ya karɓa har abada. Dabba tana tsakiyar wannan musaya: abin da ta ci da abin da ta sha ya fito ne daga wani wuri, kuma zai wuce zuwa wani wuri. Makiyayin da ya gane hanyar da abubuwan ke bi yana iya tarar cuta tun kafin ta iso garkensa.

Ruwan da ke zagaye

Ruwan damina da ke sauka a nan tafiyayye ne. Rana ce ke dafa tekun Atlantika, tururi ya tashi, iskar damina ta turo shi daga kudu maso yamma har ya iso mana a wajajen watan Yuni. Hadarin kansa daga gabas muke ganin ya taso, amma damshin da ya ɗauko daga teku yake, tare da wanda itatuwa da ciyayi suka fitar a kan hanya. A shekara mai kyau yankinmu yakan samu milimita 500 zuwa 600. Milimita ɗaya daidai yake da lita ɗaya a kan kowace murabba'in mita. Ke nan milimita 500 a kan hekta guda lita miliyan 5 ne, wato duro 25,000 na lita 200.

Wannan ruwa hanya uku yake bi. Wani ya nutse, saiwa ta sha, ragowar ta sauka ta ciyar da rijiyoyi. Wani ya gudu a bisa ƙasa zuwa gulbi. Wani kuma rana ta mayar da shi sama. Abin da ke yanke hukuncin rabon shi ne halin da ruwan ya tarar da ƙasa. Inda akwai haki, kara da ganye, ruwa yakan tsaya ya nutse. Inda ƙasa ta zama fako, sai ya kwashe ta ya tafi da ita, yashi ya je ya cike gulbi da tabki.

Gulbin Maraɗi daga ƙasar Katsina yake tasowa. Yana shigowa Nijar, ya bi ta Madarunfa, Maraɗi, Tibiri da Gidan Rumji, sannan ya koma Najeriya ya haɗu da ruwan Rima. Tun da aka gina madatsar ruwa ta Jibiya a wajajen 1990, yawan ruwan da ke gangarowa da lokacin zuwansa sun canza, kuma masu noman fadama sun ga haka da idonsu. A shekarar 1990 ɗin ne Nijar da Najeriya suka sa hannu a Maiduguri kan yarjejeniyar raba ruwan da suka haɗa, har da na wannan gulbi. Tabkin Madarunfa kuwa, mafi yawan ruwansa daga Gulbin Gabi yake samu. A 2019 an sa shi cikin jerin dausayoyin duniya masu muhimmanci na yarjejeniyar Ramsar. Amma rana ba ta san jeri ba: a ƙasashen Sahel, buɗaɗɗen ruwa yana iya rasa zurfin mita 2 ko fiye a shekara ta hanyar tururi kawai. Shi ya sa bakin tabki ke ja da baya kowane wata tun daga kaka har bazara.

Bakin tabki: alheri da cuta a wuri ɗaya

Yayin da ruwa ke janyewa, yana barin laka mai ɗanyen haki a lokacin da ko'ina ya bushe. Dole garke ya nufi can. Matsalar tsaro da satar shanu a kan iyaka, musamman wajen dajin Baban Rafi da karkarar Gabi, ta ƙara matso da bisashe kusa da gari da ruwa. Idan ƙafafu suka yi yawa a wuri ɗaya, cuta ma takan taru.

Misali mafi bayyana shi ne tsutsar hanta. Babbar tsutsar tana zaune a cikin hantar saniya ko tunkiya, ƙwanta yana fita tare da kashi. Idan kashin ya faɗa cikin ruwa, ƙwan ya ƙyanƙyashe, ƴar tsutsar ta shiga jikin wata ƙaramar katantanwa ta ruwa. A can take hayayyafa, ta fito, ta manne a jikin hakin bakin ruwa. Dabba ta ci hakin, tsutsar ta ratsa hanji ta shiga hanta, bayan wata uku zuwa huɗu ta fara zuba nata ƙwan. Dubi yadda abin ya zagaya: daga dabba zuwa ruwa, daga ruwa zuwa katantanwa, zuwa haki, ya dawo ga dabba. Alamominta su ne rama, farin ido, kumburin haɓa da raguwar nono. A mahauta kuma irin wannan hanta ce ake kamawa a zubar, hasarar ta hau kan mahauci da mai dabba.

Ana iya yanke wannan zagaye a wuri biyu. Na farko, a shayar da bisashe a kwami daga rijiya, ko a ware mashaya ɗaya mai tsakuwa a bakin tabki, maimakon garke ya yini tsaye cikin laka yana kashi yana kiwo. Na biyu, a ba da maganin da ya dace a lokacin da ya dace. Allurar ibamektin ita kaɗai, wadda mutane da yawa ke ɗauka maganin kowace tsutsa ce, ba ta kashe tsutsar hanta. A tambayi ma'aikacin kiwo kafin a sayi magani, kuma a guji wanda ya yini a rana a kan tabarmar kasuwa.

Tsutsar ciki ta tumaki da awaki ita ma da damshi take tafiya. Da rani ƙwanta yakan mutu a kan ƙasa mai zafi, da damina kuwa cikin ƴan kwanaki yake ƙyanƙyashewa ya hau haki. Tana shan jini, don haka a riƙa buɗe fatar idon tunkiya ana dubawa: ja alama ce ta lafiya, fari kuwa alama ce ta jini ya ragu.

Akwai cutar da ke kwance a cikin ƙasa kanta, wato ciwon saifa, wanda ma'aikata ke kira sharbon. Ƙwayarsa tana iya yin shekaru gommai a ƙasa ba ta mutu ba. Ruwan sama yana tono ta ya tara ta a kwari, dabbar da ke kiwo dab da ƙasa ta haɗiye ta. Duk dabbar da ta faɗi ta mutu farat ɗaya, jini baƙi yana fita ta hanci ko dubura, kada a feɗe ta, kada a ci namanta, kada a ja ta zuwa gulbi. A sanar da ma'aikatar kiwo, a binne ta da zurfi ko a ƙone ta. Wanda ya feɗe irin wannan mushe ya shuka cuta a wurin har ga jikokinsa.

Sauro ma ɗan ruwa ne. A 2016, zazzaɓin Rift ya ɓarke a jihar Tawa, a yankunan Cintabaraden da Tasara, a ƙarshen damina. Bisashe sun yi ta ɓari, kuma mutane sun mutu, galibi makiyaya da suka taɓa jini ko abin ɓari. Idan aka ga ɓari ya yi yawa a garke bayan ruwa mai yawa, a kai rahoto nan take, kada a taɓa abin ɓarin da hannu tsirara, kuma a dafa nono kafin a sha.

Ƙarfin rana a cikin haki

Duk ƙarfin da sa ke ja da amalanke, da kitsen da rago ke tarawa, da nonon da ke cika ƙwarya, daga rana ya fito. Ɗanyen ganye yana kama hasken rana, ya haɗa shi da ruwa da iskar kabon da ke cikin sararin sama, ya gina jikinsa. Mutum ba ya iya cin ƙarangiya ko gamba ya rayu. Saniya tana iyawa, saboda tumbinta cike yake da ƙananan halittu da ido ba ya gani, su ne ke narkar da hakin. Wani kaso na ƙarfin ya zama nama da nono, wani ya fita a matsayin zafin jiki, wani ya fita da gyatsa a matsayin iskar metan, sauran ya fita da kashi.

Saniya mai nauyin kilo 250 tana buƙatar kimanin kilo 6 na busasshen abinci a yini. A wata takwas na rani, wannan ya kai kusan tan ɗaya da rabi ga saniya guda. Wanda ke da shanu goma sai ya lissafa tun kaka ko abin da ya tanada da abin da daji zai bayar za su kai.

Yawa kaɗai ba ya isa. Ɗanyen haki yana da sinadarin gina jiki fiye da kashi 10 cikin 100. Idan ya tsufa ya bushe a tsaye, yakan sauka ƙasa da kashi 5, alhali halittun cikin tumbi suna buƙatar kimanin kashi 7 kafin su yi aiki sosai. A nan ne ake ganin saniya cikinta cike da kara amma haƙarƙarinta a waje. Da ruwan ciki ake jan na rijiya: ɗan abin da za a ƙara mata na harawar wake ko ta gyaɗa, dusa, ƴaƴan gawo ko na kalgo, shi ke ba tumbin ƙarfin cin moriyar karan. Hakin da aka yanka yana ɗanye a watan Satumba, aka shanya a inuwa, ya fi wanda aka kwaso a watan Maris nesa ba kusa ba. Rashin ɗanyen ganye na tsawon watanni kuma yana kawo dundumi da haihuwar ƴan maruƙa marasa ƙarfi.

Lokaci mafi hatsari shi ne saukar ruwan farko. Tsohon haki ya jiƙe ya ruɓe, sabo bai kai a ci ba, dabba ta riga ta ƙone kitsenta, ga sanyin ruwa. Haka ya faru a 2010 a arewacin jiharmu, wajen Dakoro da Gadabeji, inda bisashe masu yawa da suka jure rani suka mutu a farkon damina. Dattawa kuma ba su manta da 1973 da 1984 ba. Abincin da aka tanada, a ajiye kaso mafi kyau don watan Mayu da Yuni.

Abin da ƙasa ta rasa, ƙashi ne ke biya

Ƙasar jigawa ta Sahel matalauciya ce wajen sinadarin fosforas, wanda manoma suka sani a cikin takin supa. Idan ƙasa ba ta da shi, haki ba zai samu ba, dabba ma haka. Jikin saniya mai shayarwa sai ya riƙa zarar sa daga ƙashinta yana zubawa a nono. Sakamakon shi ne ɗingishi, taurin gaɓoɓi, jinkirin ɗaukar ciki, da kwaɗayin tauna ƙashi. Taunar ƙashin mushe tana da nata hatsarin, domin a cikinsa ake samun gubar da ke shanye ƙafafun dabba ta kwanta ta kasa tashi. Kanwa da gishiri suna da amfani, shi ya sa makiyayan arewa ke kai garkensu Ingal kowace shekara a ƙarshen damina. Amma kanwa ba ta maye gurbin fosforas. Dusa tana da shi, dutsen lasa mai kyau ma yana da shi, a duba takardar da ke jikinsa kafin a saya.

A da, hanyar mayar wa ƙasa abinta a buɗe take. Bayan girbi manomi yakan gayyaci makiyayi ya kwana da garkensa a gona, ya ba shi hatsi, shanu su ci kara su bar taki. Mafi yawan sinadaran da dabba ta ci suna fitowa ne a kashi da fitsari, kuma fitsarin yana ɗauke da irin sinadarin da ke cikin takin ure. A lissafi na kusa, shanu 20 da suka kwana wata guda a gona za su bar kusan tan ɗaya na busasshen taki. Gara da buzuzu su ja shi cikin ƙasa, su buɗe ƙofofin da ruwa zai bi.

Yau kara ya zama kuɗi. Da an gama girbi ake kwashe shi, amalanke bayan amalanke na kara da haki suna shiga Maraɗi don masu kiwon turke. Ba laifi ba ne mutum ya sayar da abin gonarsa. Sai dai kowace amalanke tana fita ne da wani yanki na ƙarfin gonar, takin kuma yana taruwa a birni, wani ma a bola yake ƙarewa. Gonar da aka bari tsirara, iskar bazara ta kwashe mata ƙasar sama, ruwan farko ya wanke sauran zuwa gulbi. A makiyaya da burtali kuwa, inda aka cinye haki mai kyau tun bai zubar da iri ba, garmani ne ke mamaye wurin, ciyawar da bisashe ba su damu da ita ba. Wutar daji tana yin irin wannan ɓarna cikin awa guda: abincin wata da watanni ya tashi sama hayaƙi, tokar kuma iska ta ɗauke.

Gawo da ƙurar hunturu

Akwai mai mayar da abin da ya nutse, shi ne itace. Saiwar gawo tana sauka inda saiwar hatsi ba ta kaiwa, ta jawo ruwa da sinadarai zuwa sama. Tana kuma kama sinadarin nitirojin daga iska, wanda shi ne kashi 78 cikin 100 na iskar da muke shaƙa. Gawo yana zubar da ganye da damina, don haka ba ya rufe hatsi, ya yi ganye da ƴaƴa da rani lokacin da bisashe suka fi buƙata. Dabbobi su huta a inuwarsa su bar taki, irin da ya bi ta cikinsu kuma ya fi saurin tsira.

Jihar Maraɗi ta koya wa duniya darasi a nan. A 1983 wani ma'aikacin gona ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya fara aiki da manoman yankin nan kan barin tohon kututture ya girma maimakon a sassabe shi, abin da ake kira sassaben zamani. An ƙiyasta cewa ta wannan hanya itatuwa kusan miliyan 200 sun dawo a kan hekta miliyan 5 a kudancin Nijar. Ribar ta shafi makiyayi kai tsaye, amma tana da sharaɗi: a sassaƙi reshe da hankali, kada a datse kan itace gaba ɗaya, kuma a nemi yardar mai gona.

Itatuwa suna kuma tare ƙura. Yawancin ƙurar hunturu da ke rufe mana rana daga Disamba zuwa Fabrairu tana tasowa ne daga kwarin Bodele a arewacin Cadi, inda tsohon tabkin Cadi ya kafe ya bar laka mai laushi. Ƙurar tana sa bisashe tari da hawaye, tana buɗe ƙofa ga ciwon huhu, don haka garke yana buƙatar kariya daga iska da dare. Amma tana ɗauke da sinadarai masu amfani ga ƙasa. Binciken hukumar NASA ta Amurka na 2015 ya nuna cewa kimanin tan miliyan 27 na ƙurar Sahara na tsallake teku kowace shekara ya sauka a dajin Amazon, yana kai masa fosforas. Abin da ke ciyar da daji a wata nahiya yana wucewa ta saman gonakinmu kyauta. Gona mai itace da kara tana riƙe rabonta, fako kuwa nata ma take bayarwa.

Aikin da ke gaban ƙungiya

Mutum ɗaya ba ya iya gyara mashaya ko kare burtali, ƙungiya tana iyawa. Ga abin da ya kamata kowace ƙungiya ta sa a taronta, bisa lokacin shekara.

Da kaka: a yanka haki tun yana ɗanye, a adana harawa a rumfa, a share hanyoyin tare wuta. A zauna da manoma a daidaita kwanan garke a gona kafin hukuma ta sanar da ranar sakin gonaki, a kuma roƙi a bar wani kaso na kara a ƙasa. A ba tumaki da awaki maganin tsutsar ciki.

Da hunturu: a kai kowace dabba allurar rigakafi ta shekara, ta ciwon huhun shanu da ta annobar tumaki da awaki. A duba garken da ke kiwo a bakin tabki saboda tsutsar hanta. A sayar da dabbobin da ba za a iya ciyarwa ba tun suna da nama da daraja.

Da bazara: a fito da abincin da aka ɓoye, a fara da masu ciki da masu shayarwa. A sa dutsen lasa. A kwashe mushe da ƙasusuwa daga makiyaya. A nemi allurar ciwon saifa da ta harbin daji kafin ruwa ya sauka.

Da damina: a tuge garmani kafin ya yi ƴaƴa, a watsa irin haki mai kyau a wurin, a bar wani yanki ya huta har ya zubar da iri. A riƙa duba idon tumaki duk mako biyu.

Doka ma tana bayan wannan aiki. Dokar karkara ta 1993 da dokar kiwo ta ranar 20 ga Mayu 2010 sun amince da haƙƙin makiyaya na yin ƙaura da bisashensu, sun kuma kare burtali da hanyar zuwa ruwa. Inda aka cinye burtali ko aka toshe mashaya, hukumar kula da filaye ta gari ko ta kwamin ita ce wurin kai kuka, kuma ƙungiyar da ta je da rubutaccen bayani ta fi a saurare ta.

Abu na ƙarshe shi ne littafi. Kowace ƙungiya ta samu wanda zai riƙa rubuta ranar ruwan farko, ranar da tabki ya fara janyewa, inda garke ya yi kiwo, da ranar da aka ga ɓari ko mutuwa. Bayan shekara biyu ko uku, littafin zai nuna muku wace mashaya ce ke kawo ciwon hanta, wane kwari ne ke kashe shanu, wane wata ne abinci ke yankewa. Da irin wannan bayani ma'aikacin kiwo zai zo da maganin da ya dace, kuɗin ƙungiya kuma su tafi inda za su yi amfani.